Katunan da Aka Bar wa Baba Kuku Ajiya

Kwanan baya na shiga wani shagon kayan ƙamshin girki a kasuwar garinmu, mai shagon ya jawo wani tsohon kwali daga ƙarƙashin kanta zai ɗebo mini kirfa. Yana buɗe shi wani wari ya taso, warin takardar da ta daɗe a kicin har ta sha hayaƙin mai da albasa da tafarnuwa. Na tsaya da jaka a hannu, na manta abin da ya kawo ni. Sau biyu mai shagon yana yi mini magana ban ji ba, domin a lokacin ba na cikin kasuwar. Ina zaune a kan tabarma a wani ɗaki na ƙasan bene a unguwar Ainu Shams ta birnin Alƙahira, ina da shekara tara, da akwatin takalmi a cinyata.

Bari in fara gaya maka yadda aka yi muka je can. Abbanmu ya samu gurbin ƙarin karatu a fannin fiƙihu, ya ce ba zai iya shekara biyar ba tare da iyalinsa ba, sai ya tattara mu, ni da Ummi da ƙanena da ke goye. Muka kama haya a hawa na huɗu na wani bene mai hawa biyar, a wani lungu da rana ba ta leƙa shi sai wajen azahar. Da safe mai sayar da dafaffen wake ne ke fara buɗe tukunyarsa a bakin ƙofa. Bayansa sai mai burodi ya wuce a kan keke, da faifan katako a ka, hannu ɗaya a kan kambu. Can da hantsi mai tukunyar gas zai shigo yana ƙwanƙwasa ta da ƙarfe, har yau in na ji an bugi ƙarfe sau uku a jere sai na waiga. Abba yana fita da littattafansa, Ummi kuma tana dafa wa ɗaliban ƙasarmu tuwo da miyar kuka duk ranar Juma'a, domin sun ce burodi ya ishe su.

Wata rana muna hawa matakala da kayan cefane, Ummi tana faɗa da ni a kan na fasa ƙwai, sai muka ji murya daga ɗakin da ke ƙasa ta ce, “A yi mata haƙuri, ƙwai dama don fashewa aka yi shi.” Ummi ta kusa sakin ledar hannunta. Wani tsoho ne baƙi siriri, da farar jallabiya da ɗan rawani, yana zaune a bakin ƙofarsa yana tsince shinkafa a faranti. Hausarsa irin ta kakata ce, akwai kalmomin da ban ƙara jin su a bakin kowa ba, sai dai takan gauraya da Larabcin Sudan. Kakansa ne ya taso daga ƙasar Katsina a ƙafa da niyyar aikin hajji, ya yada zango a Sudan, ya yi aure, bai ƙara gaba ba kuma bai koma ba. Shi tsohon bai taɓa ganin ƙasar Hausa ba. Yana saurayi ya biyo jirgin ruwa zuwa Masar, ya shafe kusan shekara arba'in yana girki a gidajen Turawa a unguwar Ma'adi. Shi ya sa kowa a benen ke kiransa Baba Kuku. Matarsa ta rasu da daɗewa, 'yarsa ɗaya tilo tana aure a Sudan.

Tun daga ranar, duk Juma'a ni ake aika in kai masa tuwo. Yakan buɗe kwanon ya shinshina, ya ce a gaya wa Ummi daddawar ta yi amma ta rage wuta. A ɗaya daga cikin waɗannan aike-aiken ne ya ga littafin makarantata a hammata.

“'Yar Malam, kina karanta rubutun Nasara?”

Na ce ina taɓawa. Ya dube ni kamar mai auna wani abu, sannan ya tashi ya wanke hannu da sabulu, ya goge, ya ce ni ma in wanke. Ya jawo akwatin takalmi daga saman kabad, an naɗe shi da tsohon tawul.

Cike yake da katuna, kowanne bai wuce tafin hannuna ba, an jera su a tsaye, an raba su kashi-kashi da roba. A fuskar kowane kati akwai hoton namiji da hula mai baki, wani riƙe da sanda kamar taɓarya, wani sanye da wata ƙatuwar safar fata a hannu ɗaya, wani ya ɗaga ƙafa sama kamar zai tsallake kwata. A bayan katin kuma layuka ne na ƙananan lambobi. Na saba ganin katunan 'yan ƙwallon ƙafa da yaran unguwa ke samu a cikin ledar soyayyen dankali, amma waɗannan ban taɓa ganin irinsu ba. Na tambaye shi wane irin aiki mutanen nan suke yi. Ya ce wasa ne, sunansa besbol, a ƙasar Amurka ake yin sa.

Ya ba ni labarin yadda katunan suka zo hannunsa. Gidan da ya yi wa aiki na ƙarshe na wasu Amurkawa ne, shekara takwas yana tare da su. Suna da yaro ɗaya, ya zo yana ɗan shekara huɗu, a kicin ya girma, a bakin Baba Kuku ya koyi cin barkono. A farkon shekarar dubu biyu da sha ɗaya, lokacin da gari ya hargitse da zanga-zanga, aka ce wa Turawan su haɗa jaka ɗaya-ɗaya su tafi filin jirgi a ranar. Yaron ya shigo kicin a guje da akwatin nan a ƙirjinsa, ya ce ba ya shiga jaka, Baba ya riƙe masa har ya dawo. Kowa ya ɗauka mako biyu ne. Bayan wata uku sai ga ma'aikatan kamfanin uban sun zo sun kwashe kayan gidan, aka sallami Baba Kuku, ya dawo Ainu Shams inda haya ke da sauƙi. Akwatin bai ba su ba, domin ba su ne suka ba shi ba.

Abin da yake so a wurina shi ne in riƙa karanta masa sunayen. Yaron ya saba zama a kan kantar kicin yana jera katunan yana kiran sunayensu ɗaya bayan ɗaya, shi kuma yana yankan albasa, har kunnensa ya haddace su. Yanzu ya fara mantawa, kuma ba ya so. Sai muka zama ni ce ido, shi ne kunne. In na haɗa baƙaƙen na furta suna a karkace, sai ya rufe ido ya juya shi a bakinsa, ya ce, “A'a, ba haka yake faɗa ba,” ya gyara mini. Waɗanda suka gagare mu duka muka raɗa musu namu: Mai Gashin Baki, Bahago, Dogon Wuya, da wani da kumatunsa ɗaya ya kumbura muka sa masa Mai Goro.

Da Abba ya ji ina ta zuba labarin Bahago a wajen cin abinci, sai ya ajiye cokali. Washegari bayan la'asar ya sauka da ni zuwa ɗakin tsohon. Suka gaisa gaisuwa mai tsawo, sannan ya nemi a nuna masa. Ya ɗauki kati ɗaya da yatsu biyu ya juya shi.

“Baba, hotuna ne fa.”

“Hotuna ne, Malam. Amana ce kuma.”

Abba ya sake duban katin. Ya ce to, kada a rataya su, kada a bar su a buɗe wajen salla, kuma kada ko ɗaya ya hau bene zuwa gidanmu. In zan gani in gani a nan. Na ɗauka magana ta ƙare, zai tashi. Amma idonsa ya riga ya faɗa kan lambobin bayan katin, shi kuwa mutum ne da ke son lissafin rabon gado fiye da abinci. Ya tambayi abin da ya sa wasu lambobin suke farawa da ɗigo. Baba Kuku ya ce bai sani ba, shi dai ya san yaron yana murna in ya ga uku bayan ɗigon. Abba ya karɓi fensirina ya yi ta raba wannan layi da wancan a bayan littafina, har aka kira magariba. Can ya ɗago yana dariya.

“Wato gwaninsu, in an jefo masa sau goma, sau uku yake samu? Ya kuskure bakwai, amma a buga hotonsa a raba wa yara?”

Baba Kuku ya ce, “Malam, da ka ga gudun ƙwallon da ba ka yi dariya ba.”

Ni nawa gwanin wani baƙar fata ne da aka ɗauka yana kwance rub da ciki a ƙasa, hularsa ta tashi sama, gaban rigarsa duk jar ƙasa, amma yana dariya har ana ganin wushiryarsa. Duk sauran sun tsaya tsaf sun gyara fuska don hoto, shi kaɗai ne kamar bai san ana ɗauka ba. Na sa masa Mai Datti. Ranar da na iya karanta ɗan rubutun da ke ƙasan lambobinsa hankalina ya tashi, domin an rubuta cewa ya yi sata, kuma an faɗi ko sau nawa. Na ce wa Baba Kuku ashe ɓarawo ne. Ya yi dariya har ya riƙe ciki. Ya ɗauko kofunan shayi huɗu ya jera su a tabarma, ya ce uku zanguna ne, na huɗun gida. In ka bugi ƙwallo sai ka ruga zangon farko, burinka ka zagaya ka dawo gida. Amma in kana tsaye a zango ka ga mai jifa ya shagala, kana iya zarcewa na gaba ba tare da an buga ba, wannan ita ce satar. Ya ce ita kaɗai ce satar da ya sani wadda ake tafa wa mutum. Kwana biyu ina tunanin wannan magana, har na tambayi Abba hukuncinta, ya ce in bar shi ya yi karatu.

Shi kuwa Baba Kuku nasa wani ne da ba a ganin fuskarsa, ya tsuguna a bayan mai bugu, da kwandon ƙarfe a fuska da sulke a ƙirji. Na ce me ya gani a wurin mutumin da ko idonsa ba a gani. Sai ya miƙo mini hannunsa na hagu. Ƙaramin yatsansa a lanƙwashe yake, ba ya miƙewa. Ya ce kullum da yamma yaron yana son ya gwada jifa, uban kuma ba ya dawowa da wuri, sai shi ya riƙa tsugunawa a lambun gidan da safar ɗaukar tukunya daga tanda yana cafe masa. Tun ƙwallon tana zuwa kamar ana miƙo lemo, har ranar da ta zo da ƙarfin da ya karya yatsan. Ya ce yaron ya yi kuka fiye da shi.

Da sanyin hunturu ya shigo, ɗakunan benen sukan yi kamar randa, kowa ya hau rufi neman rana. A can muka fara gwada wasan. Akwai 'yan mata biyu Misirawa na hawa na biyu, da wasu 'yan'uwa uku 'yan Sudan na hawa na uku. Na sato muciyar Ummi, muka cusa tsofaffin safa a cikin juna suka zama ƙwallo. Zangon farko tankin ruwa, na biyu akurkin tattabarun mai gidan, na uku wani fasasshen bokiti. Baba Kuku ya hau da ƙyar, yana hutawa a kowane hawa, ya zauna a kan kujera yana alƙalanci da Hausa da Larabci. “Yalla, ruga! Ba can ba, ke, tankin tukuna!” Misirawan suka ƙi yarda cewa wanda ya kuskure sau uku ya fita, suka ce zalunci ne. Ranar da na fara samun ƙwallon da kyau ta tsallake katanga ta faɗa daidai kan teburin mai wake, muka kwanta a ƙasa muna jin yana ɗaga murya yana tambayar safar wa ce. Muciyar ta tsage a mako na uku. Ummi ta ce tun daga Kano ta ɗauko ta, kuma duk Alƙahira babu inda ake sayar da irinta. Baba Kuku ne ya sassaƙa mata wata da ƙafar tsohuwar kujera, ya hau da kansa ya ba da haƙuri.

Lokaci-lokaci yakan saka jallabiyarsa mai kyau ya hau jirgin ƙasa na cikin gari zuwa Ma'adi, ya dawo da yamma bai ce komai ba. Sai da na yi ta naci kafin wata ranar hutu ya tafi da ni, Abba ma ya biyo mu, wai don kada in ba tsoho wahala. Unguwar ta ba ni mamaki, itatuwa sun rufe titi, babu mai ihu. Ya nuna mana gidan daga nesa, wasu mutane ne a ciki, an canza fentin ƙofa. Daga nan ya kai mu wani fili mai ciyawa a bayan shingen waya, inda 'ya'yan Turawan da suka rage suke wasan. A nan na fara jin ƙarar sanda ta haɗu da ƙwallo ta gaske, ƙwas, kamar an fasa busasshen icce. Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne yawan tsayuwa. A katuna kowa yana cikin tsalle ko gudu, a fili kuwa yawancinsu suna tsaye ne suna jira, wani har yana tsinkar ciyawa. Abba ya yi ta tambaya, me ya sa wancan ya fita, me ya sa wannan bai ruga ba. Baba Kuku yana amsawa, amma idonsa yana bin fuskokin yaran ɗaya bayan ɗaya. Duka ba su wuce shekara goma sha biyu ba. A jirgi muna dawowa na yi lissafi a raina cewa nasa yaron ya kai sha huɗu, amma ban faɗa ba.

Haka muka yi shekara uku. Azumi ya zo ya wuce da fitilunsa masu launi a kan lungu, zafi ya zo da kankana da ɗaukewar wuta, ni kuma Turancina ya ƙaru har ina karanta bayan katin ba tare da tsayawa ba. Duk farkon zafi yakan fito da katunan ya shanya su a inuwa a kan tawul don kada su yi fumfuna, ya mayar da kowanne rukuninsa.

A shekara ta ukun ƙafafunsa suka fara kumbura, ya daina hawa rufi. 'Yarsa ta zo daga Sudan, mace mai jiki da fara'a, ta ce ba za ta koma ba sai da shi. Ya ƙi. Mun ji su ta matakala tana cewa, “Baba, saboda takardun wasan yara za ka mutu kai kaɗai a ɗaki?” Shi kuma yana cewa in yaron ya zo bai same shi ba fa. Ta hau wurin Ummi ta yi kuka.

A lokacin an fara koya mana kwamfuta a makaranta. Ina zaune da murfin akwatin a hannuna sai na lura da wata 'yar takarda da aka manna a cikinsa. Na sha ganin ta, na ɗauka sunan kamfanin takalmi ne. Ranar na ga alamar nan mai kama da dodon koɗi a tsakiyar rubutun, na gane adireshin imel ne. Baba Kuku ya ce uwar yaron ce ta rubuta a tsaye ranar tafiyar, ta faɗa masa wani abu da sauri bai kama ba, ya manna ta don kada ta ɓata.

Abba ya raka ni shagon intanet na bakin titi, da wasiƙar da tsohon ya yi mini shifta. Rabinta gaisuwa ce: ina uban, ina uwar, yaya sanyin ƙasarsu, yaya karatu. Sannan ya ce a gaya wa yaron kayansa suna nan cif, ko ɗaya bai ɓata ba, ruwa bai taɓa su ba, shi kuma zai koma Sudan, a faɗa masa inda zai aika da su. Na juya ta zuwa Turanci da taimakon ƙamus. Kullum in na dawo makaranta sai na same shi a bakin ƙofa, ba ya tambaya, yana dai duban fuskata. Sai a kwana na tara amsa ta zo. Uwar ta tura wa yaron, shi ya rubuto da kansa.

Layi biyar ne. Ya ce abin mamaki, ya manta da katunan nan gaba ɗaya. Ya ce ya daina wasan tun tuni, katunan kuma ba su da wata daraja, Baba ya riƙe ko ya zubar, duk ɗaya ne. Ya ce yana fatan yana lafiya. A layin ƙarshe ya tambaya ko yatsan nan har yanzu a karkace yake, ya ce a ba shi haƙuri.

Na karanta sau uku. Mai shagon ya buga mana ita a takarda. A hanyar gida ina ta tsara wata wasiƙar a kaina, mai tsawo, wadda yaron ke cewa kullum yana tuna Baba, ya yi kuka da ya ga saƙon, ya bar masa katunan kyauta don ƙauna. Na san tsohon ba zai taɓa ganewa ba. Mun kusa lungunmu Abba ya tambaye ni abin da zan faɗa masa. Na gaya masa.

“Haka yaron ya rubuta?”

“A'a, Abba. Amma zai ji ciwo.”

“Zai ji. Shekara uku yana riƙe da kayan wani bai canza wa ko ɗaya wuri ba. Ke kuma an ba ki layi biyar ki kai masa, za ki canza tun a hanya?”

Na ce to shi ya karanta masa. Ya ce ba shi aka aika ba.

Mun same shi a kan tabarma, ya miƙe ƙafafunsa a kan matashi, 'yarsa tana dama masa kunu. Na durƙusa na buɗe takardar. Na fassara layin farko, har da kalmar mantawa, na faɗe ta yadda take. Da na zo wurin zubarwa sai 'yar ta daina juya ludayi. Baba Kuku bai motsa ba, yana kallon bango. Na karanta layin ƙarshe da sauri don in gama.

“Sake faɗin na ƙarshen,” in ji shi.

Na sake. Ya ɗaga hannun hagu ya dubi yatsan kamar yau ya fara ganin sa. Sai ya fara dariya a hankali, kafaɗunsa suna rawa, har hawaye ya gangaro cikin gemunsa, ya sa bakin rawani ya share. Ban san ko dariyar ce ta kawo hawayen ba, kuma ban tambaya ba. Da ya natsu ya ce, “Ya girma ke nan. Alhamdu lillahi. Khalas, shi ke nan, na sauke amana.” Sannan ya juyo gare ni da idon nan nasa na mai son sani. “To in ya bar ƙwallo, me yake yi yanzu? Yaron nan ba ya iya zama wuri ɗaya. Ki tambaye shi. Ki tambaye shi kuma ko yana samun barkono a can.”

Na tura tambayoyin washegari. Amsa ba ta zo ba har ya tafi, ba ta zo ba bayan ya tafi.

Ana jibi tafiyarsa ya sa aka kira yaran benen duka zuwa ɗakinsa. Ya cire robobin, ya baje katunan, ya ce kowa ya zaɓa. Misirawan suka yi rigima a kan Mai Gashin Baki, 'yan Sudan ɗin suka kwashi masu jar hula don kala ɗaya da ƙungiyar ƙwallon ƙafar da suke so. Katin mai tsugunon nan kuwa ya sa shi a aljihun jallabiyarsa. Mai Datti kuwa ya riga ya ware shi gefe, ya miƙo mini. Na dubi Abba da ke tsaye a bakin ƙofa, domin dokarsa tana nan. Abba ya dubi silin, ya ce shi in littafi yana rufe ba ya tambayar abin da ke cikinsa. Na sa shi a tsakiyar littafin lissafi na hau bene da shi.

Mun raka su tashar jirgin ƙasan da ke zuwa kudu. Ya sa mini albarka ta taga, ya ce in gaya wa ƙasar Hausa wani jikanta yana gaishe ta. Shekara ɗaya bayan nan Abba ya kammala muka dawo gida. Labarin rasuwarsa ya iso mu a bakin wani ɗalibi, bayan an yi wata da wata da binne shi.

Yanzu aikina fassara ne. Mutanen da suka je Masar neman magani suna dawowa da takardun likita cikin Larabci da Turanci, su kawo mini in mayar musu da Hausa. Zamani ya canza, kusan duk wanda ya shigo ya riga ya haska takardar da wayarsa, ta fassara masa cikin ƙiftawar ido. Duk da haka suna zuwa, suna so su ji daga bakin mutum, wasu kuma ina ganin a idonsu suna fatan in faɗi abin da ya saɓa wa na wayar. Ba na saɓawa. Ina karanta abin da aka rubuta, sannan in ajiye takardar in zauna, ba na saurin tashi. Makon jiya wata dattijuwa ta saurare ni har ƙarshe, 'ya'yanta biyu suna kuka a bayanta. Ta gyara mayafinta, ta matso kusa da teburin, ta sa yatsa a kan wata doguwar kalma a tsakiyar shafin.

“'Yar nan,” in ji ta, “wannan mai tsawon, yaya ake faɗin ta?”